Kanisar da Aka Gina a Wutsiyar Tsibiri

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Umdurman. Duk shekara idan muka iso babin kogi, yadda yake cin gaɓa a nan ya je ya zube a can, sai in zana tsibiri a allo in ja masa kibiyoyi. Yara su kwafa, su ci jarrabawa, su manta, kamar yadda tsarin ilimi ya tanada. Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne, ni ba a littafi na fara jin wannan darasi ba. A bakin wata tsohuwa na ji shi, wadda ba ta taɓa riƙe alli ba, tana tsakiyar suyar gyaɗa.

Kakata ce ta wajen uba, Hajja Kande. Hajjin ma gadonsa ta yi. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya iso bakin Nilu ya ce bari ya ɗan huta, hutun da zuriyarsa ba ta gama ba har yau. A waje Habboba muke ce mata kamar sauran yaran unguwa. A cikin gida kuwa Kaka, don ta kafa doka cewa duk wanda ya kira ta da Larabci a tsakar gidanta, to ya je Larabawa su ba shi tuwo.

A Alhilla Kuku muke zaune lokacin. Da an sallame magariba sai ta jawo kanun, murhun gawayin nan na ƙarfe, ta ɗora kasko da yashi a ciki, ta zuba gyaɗa ta shiga juyawa. Mu jikoki muna kewaye a kan tabarma, aikinmu murje ɓawo da ƙulla gyaɗar a takarda saboda kasuwar gobe. Takardun kuwa tsofaffin littattafan yayyenmu ne, don haka rabin mutanen unguwa sun ci gyaɗarsu a cikin nahawu. Ladan aikinmu labari. Tana da na kura, tana da na aljanun bakin ruwa, amma akwai guda da muke roƙo har mu gajiyar da ita. Shi ba tatsuniya ba ne, ita ce dai take sa masa rigar tatsuniya.

Ƙanwata Zainabu ce kullum mai fara roƙon, rabi da Larabci.

"Habboba, alaik Allah, ba mu na kanisa."

"Wa ya kunna rediyo?" in ji Kaka, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kaka, don Allah, labarin cocin nan."

"Yawwa, yanzu na ji mutum. To ga ta nan, ga ta can, ga ta a tsakiyar ruwa."

Mu kuma mu amsa baki ɗaya, "Ta hayo mu ji ta."

Tsakiyar ruwan da take nufi wani ɗan tsibiri ne a Bahar, wato kogin Nilu, gaba da Aljirif, wanda masu zana taswira ba su ga ya cancanci tawadarsu ba. Mutanenmu suna ce masa Tsibirin Kabewa. Can aka kai Kaka tana amarya, tana noman kubewa da wake da kabewa tare da surukarta, kakanmu Garba kuma yana da kwalekwale, yana su, yana ƙetarar da mutane. A gaɓar da ke fuskantarsu kaminoni ne a jere, wato tarin bulon nan masu tsayin ɗaki da ake cinna wa wuta ta ƙasa har su yi ja. Masu buga bulon yawancinsu mutanen Kudu ne da yaƙi ya koro. A gaɓa babu mai ba su wurin kwana, a tsibiri kuma babu mai tambayarsu takarda, sai suka kafa bukkokinsu a can, gefen gonakin Hausawa.

Bukkar da ke dab da gonar Kaka ta wata mata ce Rejina, mai dafa wa ma'aikatan kamina shayi, da mijinta Santino. "Shi dogo ne," in ji Kaka, "in yana maka magana sai wuyanka ya ƙage. Ita kuma gajera kamar turmi." Santino shi ne gwanin masu buga bulo na wannan gaɓa kaf, bulonsa yakan fito da kusurwa kamar an yanka da wuƙa. Kaka da Rejina suka ƙulla ƙawance da Larabci. "Nata karyayye, nawa gurgu, shi ya sa muka jera, babu mai barin wata a baya."

'Yan Katolika ne. Kanisarsu ta farko runfa ce ta zana, awaki na kwana a ciki ranakun mako. Sau biyu a shekara wani Fada, wanda suke kira Abuna, yakan zo daga Khartum, kakanmu ya ƙetarar da shi yana riƙe da akwatinsa a cinya yana kallon ruwa da rashin yarda.

A daidai nan Kaka takan rage murya, juyin gyaɗar ma ya yi sanyi.

"Akwai wata 'yar gurasa fara, ba ta kai tafin jariri ba, da Abuna yake sa musu a baki. A wurinsu babu abin da ya kai ta. To amma wanda ba a ɗaura aurensa a gaban Abuna ba, ba a ba shi. Rejina da Santino auren gida suka yi can Kudu, da shanu da komai, amma ba na kanisa ba. Duk zuwan Abuna sai ta zauna a bencin baya, 'ya'yan da ta haifa da cikinta su tashi su karɓa, ita tana zaune tana kallon ƙeyarsu."

"To me ya hana a ɗaura?" in ji Zainabu, wadda ta ji amsar ya fi sau ashirin.

"Namiji da rantsuwa, 'yar nan. Allah ya raba ki."

Ashe ranar da suka sauka a tsibirin Santino ya rantse cewa shi da yake buga wa Khartum bulon benaye, ba za a ɗaura aurensa a ƙarƙashin zana ba, sai a kanisa mai bango, bangon da hannunsa ya jera. Abuna ya ce masa ya zo birni a ɗaura, ya ƙi. Ya ce to a nan cikin runfa, ko shayi ba zai huce ba an gama, ya ƙi. Manyan Abuna kuma sun riga sun yi wa mutanen tsibiri alkawari: ranar da gini ya ga ambaliya ta zo ta koma yana tsaye, za a riƙa aiko musu Fada kowace Lahadi. Sai rantsuwar mutum ɗaya da burin jama'a suka zama abu guda, Rejina kuma tana tsakiya.

Suka zaɓi kan tsibiri, ɓangaren da ruwa yake fara tararwa, domin nan ne tudu, nan duk mai hankali zai zaɓa. Kuma suka yi abin da kowane mai buga bulo yake yi ba tare da tunani ba: suka haƙi laka a gindin inda suke ginin, don gudun dako. Bulon ɗanye ne, tunda gasasshe na mai kamina ne. Da damina ta yi, Bahar ya cika ya zo ya tarar an haƙa masa masauki a jikin bango. Ya sauka, ya miƙe ƙafa. Kwana biyu bangon ya narke, in ji Kaka, kamar sukari a shayin Rejina.

Shekara huɗu suka yi suna tara gasasshen bulo. Mai kaminar, wani Balarabe mai tsawa da sauƙin zuciya, ya yarda duk ƙonawa su kwashi masu gatsi a gefe. Suka sake gini a kan tsibirin, inda na farko ya narke, suka ɗan ja baya, wannan karon laka daga nesa aka ɗebo. Ambaliya ta zo, ta yi iyakar cikarta, ko dokin ƙofa ba ta taɓa ba. Aka kwana uku ana kiɗa. Aka aika wa Abuna. Rejina ta je Kasuwar Umdurman ta sayo farar lafaya.

"Amma ni ban yi rawa ba," in ji Kaka. "Bahar ba lokacin cika yake ɓarna ba, lokacin janyewa ne. Gaɓa ta sha ruwa ta yi nauyi, ruwan da yake tallafe da ita ya tafi, sai ta zube. Wata safiya muna cire kubewa muka ji rugugum. Rabin kanisa ya tafi Masar, babu fasfo."

Mukan yi dariya a nan duk da mun san abin da ke biye ba na dariya ba ne. Hayaƙin kamina ba ya yafe wa kowa, kuma a shekarar ne ya fara neman Santino. Tari ya kama shi, irin wanda ake juya baya a tofar a rufe da ƙasa. Dogon nan ya fara ranƙwafawa. Wata rana Rejina ta zo gonar Kaka babu buta babu kofuna, ta zauna a kan kunya.

"Kande, mutumin nan zai mutu da rantsuwarsa."

"Ki roƙe shi mana."

"Na roƙa. Abuna ma ya ce in na rasa shi babu abin da zai hana ni karɓa. Ni ba haka nake so ba. Ban yi shekara ashirin a bencin baya don in tashi ni kaɗai ba. Tare nake so mu tashi."

Kaka ta ce ta ajiye fartanya ta kama hannunta, ta ja ta har gindin wata tsohuwar bagaruwa da ke kusa da kufan kanisar. Ta ce mata, ranar da aka kawo ni amarya bishiyar nan a tsakiyar tsibiri take, daga gindinta zuwa kan tsibiri sai ki shanye rake guda ba ki isa ba. Yau taku nawa ne? Rejina ta taka, goma sha biyu. Sannan ta ja ta zuwa ɗaya ƙarshen, wutsiyar tsibiri, inda ruwan yake rabuwa da ƙasa ya wuce. Ta ce, nan da nake shuka kabewa, Garba jefa taru yake yi a nan shekarar da na haifi ɗan fari.

"Tsibirin nan tafiya yake yi, Rejina. Ana cin kansa, wutsiyarsa tana tsiro. Ku kuma kun je kun sa ɗakin Allahnku a bakin mai ci."

Ranar Lahadi maza suka taru a runfa suna shawarar gini na uku, a kan tsibiri dai, an ƙara ja baya. Kaka ta je ta tsaya daga waje da fartanya a kafaɗa, Rejina ta ce a saurare ta. Ta faɗi abin da ta faɗa wa Rejina. Santino, wanda mutum ne mai ladabi, ya jira ta gama.

"Ya Hajja, wutsiyar nan ai duk shekara ruwa har gwiwa."

"Har cinya ma wata shekarar. Amma ruwan can a gajiye yake isowa, ya zauna ya sauke kaya. Na nan da ƙarfinsa yake zuwa, ya ɗauka."

"Mu gina kanisa a inda muka san ruwa zai shiga?"

"Ai kun gina a inda kuka san ba zai shiga ba. Ina take?"

Wani ya ce mai noman kabewa za ta koya wa magina gini, aka yi dariya, taro ya tashi a kan shawarar farko. Rejina ta juya ta tafi. Washegari da maza suka haye kamina, ta yi gammo ta ɗora bulo shida daga kufai, ta kai wutsiya ta ajiye. Ta dawo ta ƙara. Kafin azahar matan Kudu sun bi sahu, kafin la'asar matan Hausawa ma sun shiga, wasu don ƙawance, wasu don su ga ƙarshen abin. Kwana tara suna yi, maza suna wucewa suna kau da kai. A rana ta goma babu ko bulo ɗaya a kan tsibiri, duk sun koma wutsiya.

"Namiji ba ya son a ce ya bi maganar mace," in ji Kaka, tana kaɗe yashi daga gyaɗa. "Amma ya fi ƙin dakon bulo sau biyu."

A nan kuma takan ba Santino haƙƙinsa, don ita ba ta cin amanar labari. Da ya ga babu makawa, ya zagaya wurin ya caka sanda a ƙasa, sannan ya ce a kawo masa baƙin bulo. Shi ne wanda yake dab da bakin wuta a kamina, ya ƙone ya wuce misali, ya yi baƙi ya murɗe, babu mai saye saboda ba ya jeruwa. Santino ya san ruwa ba ya shigarsa ko ya shekara a ciki. Da shi ya ɗaga dandamali har ƙugu, yana zaune a kujera yana nuna wa matasa inda kowane murɗaɗɗe zai kwanta da ɗan'uwansa. A kan dandamalin aka ta da bango. Ya bar ƙofa biyu, ɗaya tana kallon inda ruwa yake fitowa, ɗaya inda yake tafiya, shi dai don iska ya yi su, saboda ƙirjinsa.

Sai aka yi rashin sa'a, ko sa'a, ambaliyar wannan shekarar ta fi ta kullum. Ruwa ya shafe gonaki, ya hau dandamali, ya fara lasar dokin ƙofa da rana tsaka. Maza suka cika buhuna da ƙasa suka toshe ƙofofin biyu, suna ƙarawa ruwa yana ƙaruwa. An kawo Santino a kan angarib, gadon igiya, an ajiye shi cikin kanisar, don ya ce in za ta tafi sai dai su tafi tare. Kaka ta sa kakanmu ya tuƙa ta har jikin taga. Ta leƙa, ta ga ciki a bushe, waje kuma ruwa ya kai rabin buhunan.

"Ku kwashe buhunan nan!"

"Hajja ta haukace," in ji wani.

"Ruwa yana tura bango ta waje, ta ciki babu mai tura masa. Ku bar shi ya shiga ya riƙe ɗaya gefen. Ko kwando ne ka danna a ruwa ba ya fashewa, tulu rufaffe shi ke fashewa."

Babu wanda ya motsa. Mutanen da suka yi shekaru suna gudun ruwa a ce su buɗe masa ƙofa da hannunsu, ai abin da nauyi. Kowa ya juya yana kallon Santino. Shi kuma yana kallon bangon gabas, inda wata 'yar tsaga ta fara zufa. Rejina ta durƙusa a gefen gadon, ta yi masa magana da harshensu. Kaka ta ce ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta gane duka. Santino ya ɗaga hannu ya ce, "Aftahu." Ku buɗe.

Aka ɗaure bencina a jikin azara, aka miƙa gicciye da littattafai da Santino kansa cikin kwalekwalen kakanmu, aka janye buhuna. Ruwan ya shigo a hankali, in ji Kaka, kamar wanda ya makara yana neman gurbi a sahu. Ya cika ɗakin har ƙasan taga, ya fita ta ɗaya ƙofar. Tsagar ta daina zufa.

Mako uku ruwa yana ciki. A cikinsu ne kakanmu ya tura kwalekwale ta ƙofar gaba ya jefa taru, ya kama karfasa biyu manya a daidai inda Abuna yake tsayawa. Sai zuciyarsa ta raya masa, ya tafi wurin malamin unguwa ya tambaya ko kifin da aka kama a kanisa ya halatta. Malam ya yi dogon nazari, ya ce mas'alar tana da zurfi, a kawo kifin ya duba. "Har yau," in ji Kaka, "bai gama dubawa ba."

Ruwa ya janye. Wannan karon babu wanda ya taɓa ganga, kowa yana jiran rugugum. Mako ya wuce, wata ya wuce. Bango yana tsaye, a daɓen kuma Bahar ya bar laka mai kaurin tafin hannu, sumul kamar an yi yaɓe. Abuna ya zo ya zagaya ginin sau biyu, yana ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa kamar mai sayen kankana. Sannan ya cire hularsa ya tambaya yaushe ne bikin.

Kaka ce ta yi wa amarya lalle, amarya mai jikoki biyar. Farar lafayar da ta yi shekara biyu a akwati aka fito da ita tana warin sandal. An ɗauko ango a gado har bakin dandamali, a nan ya ce a sauke shi. Ya hau matakalar da ƙafarsa, yana dafa bangonsa, Rejina tana ɗaya gefen, kanta bai wuce gwiwar hannunsa ba. Kaka da matan Hausawa suka tsaya a bakin ƙofa daga waje.

"Na ga sun wuce bencin baya ba su tsaya ba. Sun je har gaba. Abuna ya yi karatunsa, ya sa masa, ya sa mata. Ta rufe ido ta daɗe ba ta haɗiye ba. Ni kuwa na saki guɗa, wallahi har masu kamina a gaɓa suka ajiye aiki."

Santino ya ƙara ganin ambaliya uku, kuma duk ukun shi da kansa yake ba da umarnin a buɗe ƙofa, yana yi kamar dabararsa ce tun asali. Kaka ta ce ta bar masa, tunda mara lafiya ne.

Daga nan labarin yakan yi sauri, domin gyaɗa ta kusa ƙarewa. Fada ya fara zuwa kowace Lahadi, mutanen gaɓa suka fara hayowa, har kakanmu ya ce shi yanzu Juma'a biyu gare shi a mako, ɗaya ta lada ɗaya ta fasinja. Duk shekara ruwa ya shiga ya ƙara wa daɓe tafin hannu, har tagogi suka sauko, aka ƙara wa bango tsayi aka ɗaga rufi. Wutsiyar tsibiri kuma ta ci gaba da tsiro a bayan kanisa, kuma a al'adar bakin Bahar, ƙasar da ruwa ya haifa ta wanda take gabansa ce. A kan wannan ƙasa aka yi aji biyu na yara, aka yi ɗakin Fada, aka yi maƙabarta. Da can tsohon ƙarfen tayar mota suke bugawa, daga baya aka kawo ƙararrawa ta gaske. Ƙarshe aka ba su Fada nasu na kansu, ɗan Kudu, yana kwana yana tashi a tsibirin.

Wani dare Zainabu, da ta fara zuwa islamiyya tana jin kanta, ta ce, "Kaka, ke Musulma, ki taimaka a gina kanisa? Ba zunubi?"

Kaka ta juye sauran gyaɗar a faifai, ta hura ɓawon.

"Ni ban gina kanisa ba, ustaziya. Ƙawata ce za ta yi aure, ango yana ɓata mana lokaci. Ƙurunƙus, kan karfasa, wanda malam ya cinye. Ku tashi ku yi isha."

Na daɗe ina zaton darasin labarin shi ne a buɗe wa fitina ƙofa ta wuce. Da na fara koyarwa na gwada shi a kan wani aji na 'yan shekara goma sha biyar, na buɗe musu ƙofa biyu, kuma ina mai tabbatar wa mai karatu cewa rabin ajin ya tafi Masar. Sai daga baya na gane Kaka ba ta taɓa cewa a buɗe wa kowane ruwa ba. Da a kan tsibiri ne ba a wutsiya ba, buɗe ƙofa da rufe ta duk ɗaya, ginin tafiya zai yi. Abin da ta sani shi ne wane ruwa ne mai ɗauka, wane ne mai ajiyewa, kuma ta san shi ne don ta yi shekaru a duƙe a wurin tana lura da bishiya guda. Rejina kuma ta san wata aba da ta fi wannan wuya: ranar da ya kamata a daina gardama a yi gammo.

Bayan rasuwar Kaka da shekaru, bayan ma an raba ƙasa mutanen Kudu da yawa sun koma, na haye tsibirin ina tsammanin kufai. Na tarar da kanisa cike da mutanen duwatsun Nuba da 'yan Habasha, kuma a tsakiyar tsibiri take, gonaki gaba da baya. Tagoginta na farko suna daidai ƙwaurina, an toshe su da bulo. Wannan kafin fitinar da ta watsa mu daga birni ne, amma wanda ya haye kwanan baya ya ce mini tana nan tsaye.

Fadan da na tarar matashi ne mai fara'a. Ya ce mini an ce wani injiniya ne daga Turai ya zaɓi wurin, mutum mai zurfin ilimi. Na ce lallai mai zurfin ilimi ne. Na tambaya ko suna da littafin aure na farko, ya ɗauko shi daga saman kabad, inda ake ajiye komai a wannan gini. A layin farko na shafin farko ga Santino ga Rejina. A gurbin shaidu, ɗaya sa hannu ne, ɗaya kuma dangwalen babban yatsa, a ƙasansa Abuna ya rubuta: Kande, mai gonar kabewa.

Ba ta taɓa gaya mana wannan ba. Tunda ba ta shiga ba, to littafin ne aka fito mata da shi bakin ƙofa. Na gyara tabarau na duba dangwalen kamar yadda nake duba takardar jarrabawa. Ya ɗan karkace, kuma ta danna shi da ƙarfin mai riƙe fartanya, har tawadar ta ɓullo ta bayan takarda, ta taɓa auren da ke shafi na biyu da wanda ke na uku.